Wasannin daɓe masu waƙa: wanne zai zama fim, wanne zai tsaya a sanarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli fim ɗin Wicked, daga baya na ji cewa asalinsa wasan daɓe ne da aka daɗe ana yi a birnin New York. Tun daga nan nake cin karo da labarin cewa za a mayar da wasu irinsa fim, kamar Sunset Boulevard da Miss Saigon da The Book of Mormon da wasan Joseph da Merrily We Roll Along, amma har yanzu shiru kake ji. Shin da gaske za a yi su? Kuma ta yaya mutum zai gane wanda yake tafe da wanda magana ce kawai? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka daina ɗaukar sanarwa a matsayin alƙawari, domin a Hollywood sanarwa ita ce mafi arha a cikin duk matakan shirya fim. Abin da yakan faru shi ne kamfani ya biya masu haƙƙin mallakar wasan kuɗi kaɗan, kamar kafin alƙalami, domin a riƙe masa haƙƙin na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, kada wani ya riga shi. A cikin wannan wa'adi ne zai nemi marubuci da darakta da jarumai, ya kuma lissafa ko kuɗin da zai zuba za su dawo. Idan lissafin bai fita ba, ko dai ya ƙara biya a tsawaita wa'adin, ko ya saki haƙƙin ya koma hannun masu shi. Jaridu suna buga labarin ranar da aka ƙulla yarjejeniya, amma da wuya su buga ranar da ta warware, shi ya sa kake ganin sunayen suna yawo shekara da shekaru kamar aikin yana tafiya.

Wicked ɗin da ka kalla shi kansa shaida ne. An fara wasan a Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan daɓe na New York, a 2003, fim ɗin kuma bai fito ba sai Nuwamban 2024, wato bayan shekara 21, duk da cewa kamfanin Universal yana da hannu a wasan tun farkonsa, babu wata rigimar haƙƙin mallaka da ta tare hanya. A 2016 aka sanar cewa Stephen Daldry zai ba da umarni, aka kuma sa ranar fitowa a Disambar 2019. Ranar ta zo, sai kamfanin ya saki Cats a gurbinsa. Daldry ya janye a 2020, Jon M. Chu ya karɓa a 2021, aka zaɓi Cynthia Erivo da Ariana Grande a ƙarshen wannan shekara, aka yanke shawarar raba labarin gida biyu, aka fara ɗauka a Ingila a Disambar 2022. Saura kwana goma a kammala, yajin aikin 'yan wasan Amurka na Yulin 2023 ya tsayar da komai, sai a farkon 2024 aka ƙarasa. Wannan fa aiki ne da aka kashe wa kuɗi har aka shuka furannin tulip miliyan tara a gonakin Norfolk domin a ɗauki 'yan mintuna na farkon fim ɗin.

Babban dalilin jinkirin zai iya ba ka mamaki: nasarar wasan ce take hana a yi masa fim da wuri. Wasan da yake cika zaure sau takwas a mako a New York da Landan, ga kuma tawagogi suna zagaya birane da shi, yana kawo wa masu shi kuɗin da fim ɗaya ba lallai ya kawo ba, kuma tikitinsa ya ninka na sinima sau da yawa. Saboda haka masu haƙƙin ba sa gaggawa, suna tsoron kada wanda ya kalli fim da kuɗi kaɗan ya fasa sayen tikitin daɓe mai tsada. Tarihi ma haka ya nuna. Evita ta hau daɓe a 1978, ta zama fim a 1996. The Phantom of the Opera ya fara a 1986, fim ɗinsa ya fito a 2004. Dreamgirls ya ɗauki shekara 25, Chicago da Les Misérables kowanne ya ɗauki 27 idan aka lissafa na biyun daga buɗe shi a Landan a 1985. Don haka shirun shekara goma ba ya nufin aiki ya mutu, kamar yadda sabuwar sanarwa ba ta nufin yana da rai.

Sai kuma maganar kasuwa, wadda ita ce take sa kamfanoni su yi gaba ko su ja da baya gaba ɗaya. Gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla da ba ya cikin kasafin ɗauka, saboda haka fim yana buƙatar ya samo aƙalla ninki biyu na abin da aka kashe masa kafin a ce an mayar da uwar kuɗi. Cats na 2019 ya ci kusan dala miliyan 95, ya samo kusan 75. West Side Story na Steven Spielberg ya ci kusan miliyan 100 a 2021, ya samo kusan 76, duk da yabon da ya sha da kuma kyautar Oscar da Ariana DeBose ta samu. In the Heights da Dear Evan Hansen su ma sun faɗi a wannan shekara, lokacin da annobar korona ba ta gama sakin gidajen sinima ba. The Color Purple, wanda darakta ɗan Ghana Blitz Bazawule ya jagoranta a 2023, ya buɗe da ƙarfi ranar Kirsimeti, sannan ya yi sanyi kafin ya mayar da kuɗinsa. A cikin wannan tsakani ne ayyuka da dama suka mutu ba tare da an yi musu jana'iza ba, ciki har da sabon Little Shop of Horrors da Warner Bros ya shirya yi, da kuma Spamalot. Da Wicked ya haura dala miliyan 700, ya kuma doke Mamma Mia! na 2008 a matsayin wanda ya fi kowanne samun kuɗi a irin waɗannan fina-finai, sai kamfanoni suka sake kakkaɓe tsofaffin takardu. Sai dai darasin da suka ɗauka daga gare shi ƙunƙuntacce ne: suna neman wasan da sunansa ya riga ya karaɗe duniya, wanda iyaye za su iya zuwa da yara, wanda kuma za a iya sayar da tsana da riguna da sunansa. Kiss of the Spider Woman da Jennifer Lopez ta fito a ciki a 2025 bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, kuma bai yi kasuwa ba.

Akwai wata matsala ta fasaha da mu masu kallon fina-finan Indiya da na Kannywood ba mu cika jin nauyinta ba, domin mun saba a tsayar da labari a yi waƙa da rawa sannan a ci gaba. A wasan Broadway, waƙar ita ce maganar, a cikinta ne jarumi yake yanke shawara ko ya tona asirin zuciyarsa, kuma idan aka cire ta labarin ya yanke. Mai kallo a zaure yana karɓar wannan cikin sauƙi saboda ya san a gaban daɓe yake, amma kyamara tana matsowa dab da fuska, tana nuna titi na gaske da ɗaki na gaske, sai mutum ya buɗe baki da waƙa a tsakiyar zance abin ya zama bambaraƙwai. Chicago ya daɗe a ajiye saboda wannan, har sai da Rob Marshall da marubuci Bill Condon suka samo dabara: mafi yawan waƙoƙin a cikin tunanin jarumar suke faruwa, tana zaune a kurkuku tana ganin kanta a kan daɓe. Fim ɗin ya ci Oscar shida, har da na gwarzon fim na shekara. A Les Misérables kuwa Tom Hooper ya sa jaruman su rera waƙa kai tsaye a gaban kyamara, kowanne da 'yar na'ura a kunne, mai kiɗan fiyano yana gefe yana bin numfashinsu, daga baya aka ɗora cikakken kiɗa. Duk wasan da ba a samo masa irin wannan mafita ba, zai yi ta sauya marubuta.

Yanzu ga waɗanda ka lissafa. Sunset Boulevard, a ganina, shi ne mafi ban tausayi. Andrew Lloyd Webber ya gina shi a 1993 a kan fim ɗin Billy Wilder na 1950, wanda mallakin Paramount ne, don haka ba za a motsa ba sai da yardar kamfanin. Glenn Close, wadda ta ci Tony, babbar kyautar wasannin Broadway, a matsayin jarumar wasan a 1995 ta kuma sake fitowa a cikinsa a 2017, ta shafe shekaru tana fafutukar a yi fim ɗin da ita, har aka sanar da Rob Ashford a matsayin darakta a 2019, amma kamfanin bai saki kuɗi ba. An haife ta a 1947, matar da ke cikin labarin kuma 'yar kimanin shekara 50 ce, kuma kowace shekara tazarar ƙaruwa take yi. Sabon salon wasan daɓen da darakta Jamie Lloyd ya yi da Nicole Scherzinger, wanda ya ba ta Tony a 2025, ya farfaɗo da sunan wasan, don haka idan an yi fim ɗin wata rana, na fi zaton da wata jarumar za a yi shi. Irin wannan ne ya faru da Gypsy, wanda Barbra Streisand ta bi shekaru tana nema har kamfanin STX ya janye a 2016.

Miss Saigon da The Book of Mormon matsalarsu ta abin da ke cikinsu ce. Na farkon, wanda aka buɗe a 1989, labarin budurwa ce 'yar Vietnam da sojan Amurka, yana buƙatar kasafin fim ɗin yaƙi, ga shi an daɗe ana sukarsa kan yadda yake nuna matan Asiya. An ambaci sunayen daraktoci irin su Lee Daniels da Danny Boyle a lokuta daban-daban, babu wanda ya kai ga ɗauka, sai wasan daɓen da aka ɗauka da kyamara aka nuna a sinima a 2016. Na biyun yana yi wa addini ba'a, an kafa labarinsa a Uganda ta hanyar da ta jawo ƙorafi har marubutan suka yi masa gyara a 2021, kuma tun 2011 yake cin kasuwa a Broadway, don haka masu shi ba su da abin da yake kora su. Ba na sa ran ganin ko ɗaya daga cikinsu nan kusa.

Joseph and the Amazing Technicolor Dreamcoat ya fi su dama a takarda, domin a 2023 aka sanar cewa Amazon zai yi shi da Jon M. Chu, kuma wasa ne na iyali wanda makarantu a Ingila da Amurka suka daɗe suna yi. Amma Chu yanzu kowa nemansa yake, an kuma haɗa sunansa da wasu ayyuka, ciki har da fim kan rayuwar Britney Spears, kuma darakta ɗaya ba ya ɗaukar manyan fina-finai biyu a lokaci guda. Ƙari a kan haka, labarin Annabi Yusuf alaihis salam ne bisa ruwayar Baibul, kuma ƙasashen Musulmi da dama ba sa barin a nuna fim da yake siffanta annabi, kamar yadda Ƙatar da Bahrain da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka hana Noah a 2014.

Ma'aunin da nake ba ka shawarar ka riƙa amfani da shi mai sauƙi ne. Sunan furodusa ko marubuci kaɗai ba ya nuna komai. Sunan darakta yana da ɗan nauyi idan ba shi da wani aiki a gabansa. Idan an ambaci jarumai tare da watan da za a fara ɗauka da wurin da za a yi, to an saki kuɗi, kuma mafi yawan irin waɗannan suna kammaluwa. Ranar fitowa ita kaɗai ba hujja ba ce, kamar yadda Wicked ya nuna. Ka kuma lura da ko an riga an ɗauki wasan daɓen da kyamara an sayar, domin hakan yakan rage buƙatar fim: Disney ya biya dala miliyan 75 don Hamilton da aka ɗauka a zaure a 2016, ya sake shi a Disney+ a Yulin 2020.

Bisa wannan ma'auni, Merrily We Roll Along ne kaɗai a jerinka da kyamara ta riga ta fara aiki a kansa, kuma shi ne wanda za ka fi daɗewa kana jira. Wasan na Stephen Sondheim ya faɗi a 1981 bayan an yi shi sau 16 kacal, kuma labarin abokai uku ne da ake bayarwa daga ƙarshe zuwa farko a tsawon kusan shekara 20. Richard Linklater, wanda ya ɗauki Boyhood a cikin shekara 12, ya fara shi a 2019 da niyyar ya riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan yayin da jaruman suke tsufa da gaske. Tuni aka sauya jarumi ɗaya, Paul Mescal ya maye gurbin Blake Jenner, Ben Platt da Beanie Feldstein kuma suna nan. An haifi Linklater a 1960, don haka idan Allah ya ba su rai da lafiya aka kammala a wajajen 2040, zai kasance yana da kimanin shekara 80.