Ba duk ƙaho ne tarampet ba

Kai yaro mai koyon gyaran kayan busa, ka tambaye ni wai me ya raba tarampet da konet, ƙahonin ƙarfen nan na 'yan badujala, tunda bawul, wato maɓallan da ake dannawa, uku ne duka. Da kana kallon abin da ke hannunka maimakon waya, da ba ka tambaya ba.

Tsawon bututunsu ɗaya ne, wajen mita ɗaya da rabi in an miƙe shi, tsayin muryarsu ma ɗaya ne. Bambancin yana cikin ramin. Na tarampet kaurinsa kusan ɗaya ne har sai ya doshi ƙarshe, shi ya sa sautinsa ke da kaifi. Na konet tun daga wuya yake buɗewa a hankali, sai sautin ya fito da taushi. Fulugal, wata 'yar'uwarsu, ta fi su buɗewa. Fikolo, ƙaramin cikinsu, rabin tsawon tarampet ne, galibi da bawul huɗu. Begilar soja ba ta da bawul sam, leɓe ne ke aikin, kamar kakakin fada. Algaita kuwa kada ka sako ta, ba danginsu ba ce.

Inda ake asara shi ne bakin busawa. Gindin na tarampet ya fi na konet kauri. Wani shugaban 'yan badujala ya taɓa kawo konet a naɗe cikin tsumma, ya ce mai kawai za a sa wa bawul, yana sauri. Ashe yaransa sun cusa mata bakin tarampet, sun doddoke shi da tafin hannu ya maƙale, suka kama da filaya suka murɗa. Bakin bai fita ba, sai wuyan bututun ya murɗe, dalmar tokare biyu ta saki. Da ya dawo sai ya tara mini jama'a, yana rantsuwa lafiya lau ya kawo ta. Sabon wuya daga aljihuna, aikin dalma kyauta, ko kuɗin man bai biya ba. Har yau in ya hango ni sai ya sauya hanya.

Saboda haka a gaban mai kaya za ka kwance tsumma. Zare bakin da yatsu, in ya ƙi ka ɗauko abin zaro baki mai kusoshi biyu, ban da filaya. Dubi lambar da ke jikin kowane bawul, 1, 2, 3, don in an sauya musu gida iska ba ta wucewa. Wanki da sa mai kuwa, in sai na koya maka wannan, tashi ka koma gida.