Kafin ka ɗora wa mota mai lantarki jak, ka leƙa ƙasanta

Wai tsakanin mota mai lantarki da mai fetur wacce ta fi cin kuɗin gyara? Kai yaro, wannan ma tambaya ce? A hidimar yau da gobe mai fetur ce. Mai lantarki ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba kuloci. Burkinta ma yana daɗewa, don da direba ya ɗaga ƙafa injin lantarkin ne ke rage gudu, yana mayar da caji cikin batir. Taya ce dai take ci, saboda nauyi da fizga. Sai dai mai fetur kaɗan-kaɗan take karɓar nata, mai lantarki kuwa ranar da batirinta ya samu matsala, a zama ɗaya za ta karɓe duk abin da ka tara.

Ni na san haka, don daga aljihuna aka biya. Wani mutum ya kawo mini motarsa mai lantarki, fes da shi, baki kamar zuma, wai taya kawai zan canja masa. Muka ɗaga ta a inda kamfani ya ce a ɗaga, muka gama, ya tafi. Ba a jima ba sai ga shi da mutane, yana kumfar baki, wai jak ɗina ya lotsa masa akwatin batir. Ka san batirin a shimfiɗe yake a ƙasan motar, daga gaba har baya. Na shiga na duba: ga kurji ya ja dogo, har da ƙasa a maƙale a ciki. Jak sama yake turawa, yaushe ya fara jan kurji? Dutse ya hau tun kafin ya zo wurina. Ya san garantin batir, wanda yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, ba ya ɗaukar wanda aka buga, shi ya sa ya nemi wanda zai rataya wa. Ba ni da shaida. Masu sulhu suka ce a raba asara, kuma irin wannan akwatin ba a buga masa guduma ya miƙe, wani ake sawa. Guminmu na wata da watanni ya tafi a kan aikin taya. Allah ya isa, har gobe ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kun kalli bidiyo biyu kun zama injiniyoyi, amma kwanciya a ƙarƙashin mota da fitila ya fi ƙarfinku, kada riga ta ɓaci. To a garejina, duk mai lantarkin da ta shigo, a gaban mai ita za ka leƙa ƙasanta, ka ɗauki hoto, ya gani da idonsa, sannan a kawo jak. Kuma wayoyin nan masu ruwan lemo volt 400 ke bi cikinsu, wasu har 800. Kada hannunka ya kai can sai ina tsaye a kanka.