Tambaya da Amsa: Rance ne ko zuba jari?

Tambaya: Malam, ina sayar da aya da wake a Maraɗi. Wani abokin cinikina na Kano ya aiko mini takarda da Ingilishi, a ciki ya ce "invest two million CFA in my shop". Ni Faransanci na yi a lakwal. Rance yake nema ko me?

Amsa: Alhaji, ba rance yake nema ba, so yake ka zuba jari. "Invest" ita ce "investir" da ka sani a Faransanci: a sa kuɗi cikin wata harka da fatan riba. Wanda ya ba da rance, wato "lend", yana bin kuɗinsa ko kasuwa ta yi kyau ko ta faɗi. Wanda ya zuba jari kuwa, da shi za a ci riba, da shi za a ɗauki asara, har uwar kuɗin tana iya tafiya. Ajiya a banki ita ce "deposit", kashe kuɗi a kan buƙata kuma "spend".

Tsarin jimlar shi ne kalmar, sai adadin kuɗi, sai "in", sai abin da aka zuba wa jarin, kamar yadda abokinka ya rubuta. Mutane da yawa kan ce "invest on", kuskure ne, sun aro "on" ɗin daga "spend on". In aka ce "invest with", ana nufin an danƙa kuɗin ga banki ko kamfani ya juya su. Jarin shi ne "investment", mai zuba shi "investor".

Ba kullum take nufin haɗa hannu da wani ba. Mai niƙa da ya sayi sabon inji don aikinsa ya ƙaru, shi ma an ce ya yi "invest in" injin. Ana kuma faɗin ta a kan lokaci da ƙoƙari, kamar uban da ya dage kan karatun 'ya'yansa.

Akwai wata ma'ana ta daban: a ɗora wa mutum iko. Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin tufatarwa, kusa da naɗin rawani a wajenmu. Daga nan "investiture" ta fito, wadda kake ji a rediyo ranar rantsar da shugaban ƙasa.

Kalmar ita kaɗai ba ta faɗi kasonka ba, kuma nan rigima ke tasowa. Kafin ka sa hannu, a rubuta yadda za a raba riba, wa zai ɗauki asara, da lokacin da za ka iya janye kuɗinka. A fayyace kuma da sefa za a yi lissafi ko da naira, don in naira ta faɗi, ribar da aka ƙirga a Kano tana iya zama asara kafin ta iso Maraɗi. A sa shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafin takardar.