An ambaci sunana a rediyo, an hana ni magana: me doka ta ce?

Tambaya: Lauya, ni ɗan kasuwa ne a Unguwar Zariya, nan Maraɗi. Wani gidan rediyo mai zaman kansa na yin shirin kiran waya da dare, kullum ra'ayi ɗaya ake ji. Makon jiya wani baƙo ya kama sunana, ya ce ƴan siyasa ne ke juya ni. Na kira sau uku, ana jin muryata sai a katse. An ce a Amurka dole a ba kowane ɓangare dama. Mu fa?

Amsa: Alhaji, wanda ya ba ka labarin Amurka ya makara. Tun 1949 hukumar FCC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Amurka, ta wajabta wa gidajen rediyo kawo ra'ayoyi mabambanta, amma ita da kanta ta soke ƙa'idar a 1987. Bayan nan ne shirye-shiryen da mutum ɗaya ke cika iska da ra'ayinsa, irin na mai gabatarwa Rush Limbaugh, suka bunƙasa.

A Nijar, tsarin mulkin 2010 ya ɗora wa CSC, hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai, kula da adalci wajen ba jam'iyyu da ƙungiyoyi fili, musamman a kafofin gwamnati da lokacin yaƙin neman zaɓe. An jingine wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an kuma rusa jam'iyyu a Maris 2025. Saboda haka idan ka je kotu da cewa "ba sa daidaita ra'ayi", gaskiya ƙafarka ba ta taka ƙasa ba. Katse kiran mai sauraro ma ba laifi ba ne, ko da ya yi ciwo.

Inda kake da ƙarfi shi ne sunanka da aka kama. Dokar ƴan jarida ta 4 ga Yunin 2010 ta tanadi haƙƙin mayar da martani ga wanda aka ambata. Wannan ba alfarma ba ce da za ka roƙa a bakin ƙofa. Rubuta wa daraktan gidan takarda: ranar shirin, ƙarfe nawa, kalmomin da aka faɗa daidai yadda suka fito, da amsarka a taƙaice, ba zagi. Ka kai kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Mutane da yawa nan suke faɗuwa. Su yi ta aiken baki ta hannun abokin mai gabatarwa har lokaci ya ƙure, alhali wa'adin irin wannan ƙara gajere ne. Nemi sautin shirin tun yau, ko daga wayar wanda ya naɗa.

Idan sun yi kunnen ƙashi, sai ƙorafi ga hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai a Yamai, ko ƙarar ɓata suna a babbar kotun Maraɗi. Ni dai ba na gaggawar kai abokin hulɗata kotu kan magana ɗaya. Martanin minti biyu a shirin da aka taɓa ka ya fi wanke ka a kasuwa fiye da hukuncin da zai fito bayan shekara.

Abu ɗaya kuma, don Allah: kada ka huce a WhatsApp. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a Yunin 2024 ya maido da ɗauri, shekara 1 zuwa 3, kan ɓata suna ko zagi ta waya. Saƙon murya ɗaya cikin zauren ƴan kasuwa ya isa ya mai da mai ƙara wanda ake ƙara.