Lissafin angula momentum na hannun agogo

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ake lissafa angula momentum na hannun agogon bango. Dabarar ita ce L = Iω: L shi ne angula momentum, wato yawan motsin juyawa da abu ke ɗauke da shi, I ma'aunin wuyar juya abin ne, ω kuma saurin juyawarsa.

Ɗauki hannun a matsayin siririyar sanda mai juyawa daga bakinta ɗaya, sai I ya zama ⅓ml², inda m nauyin hannun ne a kilo, l kuma tsawonsa a mita. Shi kuwa ω, raba 2π da daƙiƙun zagaye guda: 60 ga hannun daƙiƙa, 3,600 ga na minti, 43,200 ga na awa.

A ce hannun minti giram 20 ne, tsawonsa santimita 15, wato kilo 0.02 da mita 0.15. I zai ba ka 0.00015, ω kuma 0.00175, L ya fito kusan 2.6 × 10⁻⁷ kg·m²/s. Ƙanƙani ne, kada ya ba ka tsoro. Alkiblarsa cikin bango take.

Yaran da nake wa darasi a Tudun Wada wuri uku suke tuntuɓe: su manta mayar da giram kilo, su sa awa 24 maimakon 12, ko su ɗauko 1/12, alhali wannan na sandar da ke juyawa a tsakiyarta ne.

In hannun na da wutsiya a baya ko faffaɗan kai, ⅓ ɗin ba zai yi daidai ba. Kai wa malamin fiziks ɗinku ya duba.