Bidiyon biki mai GB 6 ya lalace a hannun manhajata: yaya zan gwada ta da manyan fayiloli?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na rubuta wata ƙaramar manhaja da harshen C wa wani situdiyon ɗaukar biki. Tana kwafe bidiyo zuwa faifan ajiya gunduwa-gunduwa, domin ko wuta ta ɗauke ta ci gaba daga inda ta tsaya. Tana ta aiki lafiya har makon jiya da aka ba ta bidiyo mai GB 6. Ta ce ta gama, amma kwafin ya ƙi buɗuwa, ga shi an riga an goge na asalin. Wallahi ko barci ba na iya yi. Kwamfutar Windows ce mai bit 64, don haka abokaina suka ce ba zai yiwu girman fayil ya zama dalili ba, wai bairos ne. Ina gaskiyar take, kuma yaya zan gwada manhajar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo mafita. Kafin komai, a daina ajiye komai a faifan da aka goge na asalin daga kansa, ko za a dace a ceto shi. Duk abin da aka ƙara rubutawa yana iya hawa kan bidiyon.

Sai ka duba girman kwafin da ya lalace, da bayit ɗinsa cif-cif. In ka ga ya tsaya a wajen 4,294,967,296, wato GB 4, ka wanke bairos daga zargi. Ko dai faifan yana kan tsarin ajiya na FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya kai GB 4, ko kuma lissafinka ne ya cika ya juya. Na fi zargin na biyun.

Maganar abokanka kuwa, ita ce abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan sana'a. Kullum sai na ji ta: "ai injina bit 64 ne." To sai me? Injin ba shi ke riƙe matsayin da ka kai a cikin fayil ba, nau'in lambar da kai ka zaɓa ne ke riƙe shi. A Linux mai bit 64, nau'in lambar C da ake kira `long` bit 64 ne. A Windows mai bit 64, `long` bit 32 ne har yau, Microsoft ta bar shi haka da gangan domin kada tsofaffin manhajoji su karye. Su kuma `fseek` (mai matsawa zuwa wani wuri a cikin fayil) da `ftell` (mai faɗin wurin da ake) da `long` suke aiki. Wanda ya koyi C a Linux ya dawo Windows da wannan tunanin ya faɗa rami bai sani ba.

Ga abin da nake kyautata zaton ya faru. Kana ƙirga abin da ka kwafe a `unsigned long`, kana miƙa wa `fseek` kafin kowace gunduwa. Da ka haura 2,147,483,647, wato GB 2, iyakar `long` mai bit 32, lambar ta zama ta ragi a wurin `fseek`, ya ƙi matsawa, ya dawo maka da kuskure, kai kuma ba ka duba ba. Rubutu ya ci gaba daga inda yake, don haka fayil mai GB 3 ya fita lafiya, kana ta murna. Da aka kai 4,294,967,296 sai ƙirgar ta koma sifili, kamar mitar tsohon babur da ta cika tara-tara. Yanzu `fseek` ya karɓa hannu bibbiyu, ya koma farkon fayil, ƙarshen bikin ya hau kan farkonsa ya shafe bayanan da ke sa bidiyo ya buɗu. Babu ƙara, babu gargaɗi.

Kuma kada wani ya ce ai wannan ciwon C ne kaɗai. A Java ba za ka iya yin jeri mai gurbi sama da 2,147,483,647 ba, shi ya sa `Files.readAllBytes` ke faɗuwa a kan fayil da ya wuce GB 2 ko da kana da memori birjik. A Linux, kira ɗaya na `read` ko `write` ba ya wuce bayit 2,147,479,552, ko a injin bit 64, don haka wanda bai duba adadin da aka dawo masa da shi ba ya yi asarar sauran. Tsohon tsarin ZIP ma a GB 4 ya tsaya, sai da Zip64. Tun 1996 kamfanonin Unix suka zauna suka fitar da matsaya kan manyan fayiloli, amma har yanzu masu koyarwa a YouTube suna nuna wa yara `int size = ftell(f)` suna cewa an gama. Wasu masu gyara kuma da sun ga haka sai su ce a yi wa faifai fomat. A goge shaida, a bar cutar.

Gyaran ba shi da wuya: `int64_t` don ƙirga, `_fseeki64` da `_ftelli64` a Windows, `fseeko` da `ftello` tare da `-D_FILE_OFFSET_BITS=64` a Linux. Ka duba abin da kowane kira ya dawo da shi.

Gwajin kuma ba ya buƙatar bidiyon GB 6 na gaske. A Linux, `truncate -s 5G gwaji.bin` zai ba ka fayil mai holoƙo cikin ƙiftawar ido: `ls -l` zai nuna cikakken girmansa, `du` kuma zai nuna bai ci wuri ba. A Windows akwai `fsutil file createnew`, sai dai shi yana kama wurin a faifai. Masu Python ma haka suke yi: gwajinsu na `test_largefile` yana gina fayil mai bayit 2,500,000,000, kuma a Windows da macOS sai ka ba da izini kafin ya gudana saboda wurin da yake ci.

Amma a kula, nan ne gwajin mutane da yawa ke yi musu ƙarya. Irin wannan fayil sifili ne zalla daga farko har ƙarshe. In manhajarka ta karanta daga wurin da ba daidai ba, sifili za ta samu, gwaji ya ce lafiya lau. Dole ka dasa alamomi. Ka rubuta bayanai mabambanta a farkon fayil, da dab da 2,147,483,648 ta gaba da ta baya, da dab da 4,294,967,296 haka nan, da bayit na ƙarshe. Abin da na fi so shi ne a kowane wuri a rubuta lambar wurin kanta, ta yadda in ta ɓata za ta gaya maka daga inda ta fito. Da wata manhaja daban za ka dasa su, kada mai laifi ya zama shi ne mai shaida.

Sannan ka kashe manhajar da gangan bayan ta haura GB 2, ka tashe ta, ka sake kashe ta bayan GB 4, tunda ci gaba bayan ɗaukewar wuta shi ne dalilin rubuta ta. Ka gwada a kan filasha mai FAT32 ka ga ko za ta yi ihu ko za ta yi shiru. A kan kwamfutar situdiyon za ka yi duk wannan, ba taka ba.

Kalmar "an gama" kuwa kada ta sake fitowa a allo sai manhajar ta kwatanta girman fayilolin biyu da SHA-256 ɗinsu, wato lambar tantancewa da ake lissafawa daga abin da ke cikin fayil, sun zo ɗaya. Ka gaya wa mai situdiyon ƙarara cewa ba a goge na asali kafin wannan.