Tambaya da Amsa: Shin waƙa ɗaya kacal The Kinks suka yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon kaɗa jita. Kwanan baya na ci karo da waƙar "You Really Got Me" ta The Kinks a YouTube, ta shiga raina sosai. Amma duk wanda na tambaya cikin masu sauraron tsohon kiɗan rok, Beatles da Rolling Stones kawai yake ambata. Shin waɗannan mutane waƙa ɗaya suka yi suka ɓace? In suna da wasu, ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na daɗe ina jiran wanda zai aiko da wannan tambaya, don haka sauran masu karatu su yi mini afuwa in ta cinye mafi yawan filinmu na yau.

A'a, ba waƙa ɗaya ba ce. Sun yi aiki tun daga 1963 har zuwa 1996, kuma kundin waƙoƙin da suka naɗa ya haura ashirin. Waƙar da ka ji bakin ƙofa ce, ko zaure ba ka shiga ba tukuna.

Tunda kai mai jita ne, bari in fara da wannan ƙara mai gurnani da ta kama ka. Ginshiƙin ƙungiyar wa da ƙane ne, Ray Davies da Dave Davies, 'yan unguwar Muswell Hill da ke arewacin Landan, tare da Pete Quaife mai jitar bas da Mick Avory mai ganguna. Waƙoƙinsu biyu na farko ba su yi kasuwa ba, har kamfanin faya-fayai na Pye ya fara tunanin sallamar su. Dave yana ɗan shekara 17 a lokacin. Yana da wata 'yar ƙaramar amfilifaya koriya ƙirar Elpico wadda sautinta bai gamsar da shi ba, sai ya ɗauki reza ya tsaga takardar lasifikarta. Da ya kaɗa, takardar da ta yage ta riƙa karkarwa, sauti ya fito a dishe, kamar muryar wanda ya kwana yana ihu. Wannan sautin ne ka ji. Waƙar ta fito a watan Agustan 1964, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya, kuma masu kiɗan rok mai nauyi da suka biyo baya da yawa a wannan rijiya suka sha. Ƙungiyar Van Halen ta Amurka ma ita suka sake rerawa suka fara shiga kasuwa a 1978. Amma don Allah kada ka tsaga lasifikarka, yanzu akwai 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa ta ba ka irin wannan sauti.

To me ya sa sunansu bai kai na Beatles ba? Dalilin da ya fi girma shi ne Amurka. A tsakiyar 1965 suka yi rangadi can, aka samu saɓani da masu shirya wasanni, daga nan ƙungiyar makaɗa ta Amurka ta hana su izinin yin wasa a ƙasar har zuwa 1969, ba tare da ta fito ta faɗi dalili ba. Ka duba waɗannan shekaru huɗu da kyau. A cikinsu ne takwarorinsu na Ingila suka cika filayen wasa a Amurka suka tara suna da dukiya, su kuwa suna gida. Kuma ba zan wanke su tas ba, suna da zafin kai. A watan Mayun 1965, a kan dandamali a birnin Cardiff, Dave ya harbi gangunan Avory da ƙafa, Avory ya ɗauki ƙarfen kayan gangarsa ya sauke masa a ka, sai da aka yi ɗinki 16. Tsakanin Ray da Dave kuwa, ko harshe da haƙori ba su kai su saɓawa ba, rigimarsu ta bi su har tsufa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: waƙoƙinsu mafi kyau a cikin wannan zaman gida aka yi su, kuma da yawansu ba su yi kasuwa ba. Da aka rufe wa Ray ƙofar Amurka, sai ya daina ƙoƙarin yin waƙa irin ta Amurkawa, ya juya ya dubi layinsu. Ya fara rubutu a kan mai haya da ake buga wa ƙofa don kuɗin wata, da rufin ɗaki da ya tsage, da matar aure da ke kishin 'yar'uwarta mai yawon duniya, da ma'aikacin da ya kai ƙarshen ƙarfinsa ya mallaki ɗan gida da kujera ya zauna yana tsoron bashi. A lokacin da sauran mawaƙa ke ta waƙar soyayya da tawaye da shaye-shaye, wannan saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana kallon tsofaffi da tausayi. Shi ya sa kasuwa ta wuce shi, shi ya sa kuma waƙoƙin ba su tsufa ba.

Ga yadda zan so ka bi su. Ka tsallake kundin farko-farko a yanzu, an naɗe su cikin gaggawa, na farkon ma cike yake da waƙoƙin aro. Ka fara da Face to Face na 1966, inda za ka sami "Sunny Afternoon". Daga nan Something Else na 1967. Waƙar ƙarshe a cikinsa ita ce "Waterloo Sunset", kuma a kanta zan ɗan tsaya. Tana buɗewa da sauti mai gangarowa ƙasa taki-taki, kamar mai saukowa daga bene a hankali, sannan jitar Dave ta shigo siririya da ɗan amsa-kuwwa. Mai ba da labarin yana tsaye a taga ne, ba ya fita, yana kallon kogin Thames da cincirindon mutane a tashar jirgin Waterloo, da wani saurayi da budurwa da ke haɗuwa a wurin duk daren Juma'a su tsallaka gada. Ba shi da kowa, amma ba ya kuka da kaɗaicinsa, faɗuwar rana ta ishe shi. Ka saurari muryoyin da ke amshi a baya, har da ta Rasa, matar Ray a wancan lokaci. Minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ce, ta tsaya a matsayi na biyu a Birtaniya, a Amurka kuwa ko jadawali ba ta shiga ba. Na saurare ta ban san adadi ba, har yau in ta zo ƙarshe sai na yi shiru kafin in taɓa wani abu.

Sai babban kundin, The Kinks Are the Village Green Preservation Society. Ya fito ranar 22 ga Nuwamba 1968, ranar da Beatles suka saki kundinsu mai farin bango. Ka ga kuwa inda babbar giwa ta taka, wa zai kula da sawun barewa? Bai shiga jadawalin kasuwa ba ko kaɗan. Waƙoƙi 15 ne, kusan minti arba'in, duka a kan abubuwan da ke shuɗewa: abokan ƙuruciya, hotunan iyali, filin ƙauye, da jirgin ƙasa mai tururi, wanda hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta daina amfani da shi a watan Agustan wannan shekarar. Sai a 2018, bayan shekara 50 cif, aka ba kundin lambar zinariya a Birtaniya saboda ya kai kwafi 100,000. Wannan kundi ba a tsintar waƙa ɗaya a cikinsa. Ka ajiye waya, ka zauna, ka bar shi ya tafi daga farko har ƙarshe, sau uku aƙalla kafin ka yanke hukunci. Karon farko zai yi maka kamar ba shi da ƙarfi, don ba gurnanin da ka saba. A karo na uku ne za ka ji kana bin amshin ba ka sani ba.

Arthur na 1969 shi ne na gaba. Arthur ɗin sunan mijin Rose ne, yayar su Ray da Dave, wanda ya kwashi iyalinsa ya yi ƙaura zuwa Ostareliya a 1964. An rubuta waƙoƙin ne don wani wasan talabijin da ba a taɓa ɗauka ba. A nan jita ta dawo da ƙarfinta, kai da kake koyo za ka ƙaru da "Victoria" da "Shangri-La". Akwai kuma "Some Mother's Son", a kan sojan da aka kashe a fagen yaƙi alhali uwarsa na jiran sa, wadda ba na iya saurara ina wani aiki. Kundin 1970 mai ɗauke da "Lola" ya dawo da su kasuwa, amma ni abin da ke kai ni can shi ne "Strangers", wadda Dave ya rubuta ya rera da muryarsa mai rawa. Ana yawan mantawa da Dave a matsayin marubuci saboda inuwar yayansa, kuma wannan rashin adalci ne. Ka rufe da Muswell Hillbillies na 1971, a kan talakawan da aka rushe wa tsofaffin unguwanni aka watsa su wasu wurare.

Bayan nan hanya ta yi gargada. Daga 1973 zuwa 1975 Ray ya duƙufa kan dogayen labarai irin na wasan kwaikwayo, kamar Preservation kashi na ɗaya da na biyu, kuma a ganina labarin ya danne waƙa. Ka bar su sai ka zama ɗan gida. Daga 1977 suka koma kamfanin Arista, suka samu a Amurka abin da ya kuɓuce musu a baya, Low Budget na 1979 ya kai matsayi na 11 a can. Kiɗan ya yi kauri, ya dace da manyan filaye, amma idon nan mai lura da ƙananan abubuwa ya ragu. Wadda ba zan yarda ka tsallake ba ita ce "Come Dancing" ta 1982. Ray ya yi ta ne don tunawa da yayarsa Rene, wadda ta ba shi jitarsa ta farko kyautar cika shekara 13 a 1957, sannan zuciyarta ta buga a wannan dare tana rawa a zauren Lyceum na Landan. Kiɗan na nishaɗi ne, amma in ka san wannan labari ba za ka ƙara jin sa yadda ka ji da farko ba.

Abu ɗaya kuma: wasu manyan waƙoƙinsu, irin su "Dead End Street" da "Days" da "See My Friends", a kan ƙananan faya-fayai suka fito, ba sa cikin kundin asali. Ka nemi sababbin bugu waɗanda aka ƙara su a ƙarshe. In kuma ka ga an ba ka zaɓi a kundin shekarun 1960, ka ɗauki na mono, wato wanda ba a raba sautinsa hagu da dama ba, ya fi cika kunne.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji ana cewa daɗin irin waɗannan tsofaffin mawaƙan Ingila a kalmominsu yake. Ni kuwa Turancina bai taka kara ya karya ba. Akwai amfanin in saurare su?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Akwai, ƙwarai kuwa. Da The Kinks ɗin nan zan ba ki misali tunda muna kansu.

"See My Friends" ta 1965 daga bakin waɗanda Ray bai ji yarensu ba ta samo asali. Sun yada zango a Bombay a hanyarsu ta zuwa Ostareliya, da asuba ya ji masunta suna rera waƙa a bakin teku suna tafiya aiki. Bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma sautin ya bi shi har gida, ya gina waƙa a kan amo ɗaya mai tsawo da ba ya motsi. Tana cikin waƙoƙin rok na farko da suka ɗauko salon Indiya, ta riga "Norwegian Wood" ta Beatles fitowa da wata huɗu. Abin da ya yi wa masuntan nan ke ma kina iya yi masa.

Ni kaina haka na fara. Kaset aka ba ni aro ina saurayi, wanda aka kwafa daga wani kaset, babu suna a jikinsa sai layi biyu da biro ya goge. Zaren ya ɗan saki, sautin yana lilo. Ban san su wane ne ba, kuma rabin kalmomin suna wuce ni. Amma waƙa ta biyu a gefen farko, mai fiyano da ke bugawa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, ita nake ta mayarwa baya da fensir don kada batir ya ƙare. Na ji a jikina cewa mai waƙar kiran wani yake yi, kuma wanda ake kira ba zai amsa ba. Sai bayan shekaru na gano kundin Village Green ne, waƙar kuma "Do You Remember Walter?", inda mutum ke tuna abokin ƙuruciyarsa da suka yi alkawarin sayen jirgin ruwa su shiga teku tare, yana kuma sane cewa in sun haɗu yau ba su da abin faɗa wa juna. Abin da kunnena ya gaya mini bai yi ƙarya ba.

Don haka ki fara da kunne, sau biyu ko uku, ba tare da kin duba komai ba. Daga baya ki nemo kalmomin a intanet ki bi su layi-layi. Ray ba mai manyan kalmomi ba ne, Turancin kasuwa da na cikin gida yake amfani da shi, kuma yana furta shi a fili.

Wanda ya ba ni aron kaset ɗin abokina ne na makaranta, benci ɗaya muka zauna shekara biyar. Rabona da shi ya fi shekara ashirin. Kaset ɗin yana nan a cikin akwatina, ban mayar masa ba, kuma da na gama rubuta miki wannan amsa sai da na tashi na ɗauko shi na duba layi biyun nan na biro.